Karin Kumallo A Kumasi: Darasi Ga Manoman Batsari Da Safana

Da zarar an gama kaka, an kai gero da dawa rumbu, an sussuke wake an ɗinke buhuna, sai tafiye-tafiye su tashi a ƙasar Batsari da Safana. Wani ya bi ta Jibiya ya ƙetare zuwa Maraɗi, wani ya yi Ikko cin rani, wani ya tafi gano 'yan'uwa a Gana, wanda Allah ya hore wa kuma ya shiga shirin Makka. Duk wanda ya taɓa raka matafiyi tasha ya san irin ƙullin da mata ke haɗa masa: garin kunu, ƙuli-ƙuli, dakan yaji, daddawa, kuka, wani har da 'yar tukunya.

Guzuri ba laifi ba ne, gama mai guzuri ba ya wulaƙanta a hanya. Abin da ke laifi shi ne mutum ya yi wata guda a ƙasar mutane bai taɓa sa hannu a kwanonsu ba, sa'an nan ya komo gida yana alfahari, wai shi ko ruwansu da ƙyar ya sha. In tela ne ya yi haka, ko wanzami, hasararsa kaɗan ce. Amma manomi da ɗan kasuwar hatsi in sun yi haka, lalle sun biya kuɗin mota a banza. Dalili kuwa, abin da mutanen gari ke karyawa da shi kowace safiya shi ke nuna irin amfanin gonar da za su saya gobe, da kamannin da suke so a kawo musu shi.

Abin Da Ya Faru A Aboabo

Ga misali. Wani dattijo na wajen Wagini, mai noman wake da rogo, ya tafi Kumasi ta'aziyyar wansa, wanda ya yi shekaru masu yawa a Zango har Allah ya karɓi ransa a can. Ya bi ta Ikko da Kwatano da Lome, ya isa a gajiye. Kwana uku na zaman makoki ba ya karyawa da kome sai kunun da ake dama masa da garin da ya zo da shi. Ran na huɗu, da aka idar da sallar asuba, sai ɗan marigayin ya durƙusa ya ce, "Baba, yau kam sai ka fito mun karya a waje." Dattijo ya noƙe, yaro ya nace, har dai ya ga ƙin zai zama rashin kyautawa ga maraya, ya sa takalmi ya bi shi.

Suka isa wata rumfar abinci a unguwar Aboabo. Rana ba ta gama fitowa ba, amma mutane sun riga sun yi layi, ga 'yan makaranta, ga direbobi, ga ma'aikatan ofis. Wata Hajiya tana zaune bayan wani ƙaton daro, tana zubawa cikin ganye. Da aka ajiye masa nasa, sai gabansa ya faɗi. Shinkafa ce da wake, amma launinta ja mai duhu kamar ƙasar gini. A gefe ga taliya, ga dafaffen ƙwai, ga ganda, ga wani baƙin yaji mai maiƙo mai ƙanshin busasshen kifi, a bisa kuma an barbaɗa garin rogo da aka jiƙa da man miya.

Ya dubi abinci, ya dubi mai abinci, ya ce, "Hajiya, don Allah mene ne wannan?"

Ta yi dariya, ta amsa masa da Hausar Zango, ta ce, "Baba, kai da ka zo daga Hausa kake tambayata? Wake ne mana. Abincin kakanninka ne."

Ya ce, "To, jan fa? Ba dai wani abu aka zuba ba?"

Sai ta sunkuya ta jawo wani ɗan ƙulli daga ƙarƙashin tebur, ta miƙa masa. Ya juya shi, ya shinshina, ya riƙe baki, ya ce, "Ashe karan dafi ne! Wanda mahaifina ke shuka kunya biyu a bakin gona saboda dukawa." Daga nan ya yi bisimilla, bai ɗaga kai ba sai da ya ga ganye fili.

In da a nan ya tsaya, da ya ƙoshi kurum. Amma da layi ya ragu sai ya ja benci kusa, ya shiga tambaya irin ta manomi. Ina take samun wake? Ta ce 'yan kasuwa ke kawo shi daga Nijar da Burkina Faso. Wane iri take so? Ta ce fari, mai tsabta, wanda ba tsakuwa, ba huji, wanda ba ya cin itace kafin ya nuna. Sa'an nan ta ƙara da magana ɗaya wadda ta fi zauna masa a rai. Ta ce kafin ta tambayi kuɗi sai ta dumbuza ta shinshina. In ta ji warin magani, ko a rabin kuɗi aka sallama mata ba ta saye, domin mutum ɗaya in ya ci ya kwanta, sana'ar da ta yi shekaru tana ginawa ta rushe ke nan.

Dattijon nan bai komo Wagini da gwal ko atamfa ba. Abin da ya komo da shi shi ne labarin abubuwa uku da ya gani cikin ganye guda, waɗanda duk ƙasar Batsari da Safana ke iya fitarwa: karan dafi, da rogo, da wake.

Yadda Wake Ya Je Gana

Hajiyar ba zolaya ta yi ba. Abincin nan mutanen Gana suna rubuta sunansa "waakye", suna furta shi kamar "waace", asalinsa kuwa kalmar Hausa ce, watau wake. Haka kokon gero da suke sha da safe, "Hausa koko" suke ce masa, suna haɗa shi da ƙosai da suke kira "koose". Tuwon arewacin ƙasar kuma suna ce masa "tuo zaafi", wanda ba sai an fassara wa Bakatsine ba.

Fatake ne suka kai. Shekaru aru-aru ayarin jakuna na tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, suna ɗauke da kanwa, da tufafi, da kayan fata, da gabu, su komo da goro. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874 sai hanyar goro ta fara canjawa, da yaƙin basasa ya tashi a Salaga a 1892 kuma sai baƙi suka watse. Daga baya da yawansu suka zauna a zangon Kumasi da na sauran garuruwan kudu. Matansu suka kafa tukwane a bakin hanya, 'yan ƙasa suka ɗanɗana suka ji daɗi, har abin ya zama nasu.

Abin lura a nan shi ne, fatake sun sayar da kanwarsu tun tuni, kuɗinta ya ƙare, jakunansu sun mutu, amma ɗanɗanon da suka bari a bakin mutane ya fi shekara 100 yana jawo buhunan wake zuwa Gana. Kasuwar da baki ya buɗe ba ta saurin mutuwa. Saura a tambaya, wa ke cin moriyarta, kuma da wane irin kaya?

Karan Dafi

A fara da ƙaramin. Karan dafi irin dawa ce da ba don ƙwayarta ake shuka ta ba, sai don jan ɓawon da ke lulluɓe da karan. Da shi dukawa da majema ke rina fata, a haɗa da kanwa ko toka, ta fito ja. Fatar jan akuya da ta yi suna har ƙetaren hamada da shi aka riƙa rina ta. Masu saƙar faifai da tabarma ma sun san shi. Da rinin kanti ya shigo sai manoma da yawa suka daina shuka shi, wasu samari ma ko ganinsa ba su taɓa yi ba. A Gana kuwa ƙulli-ƙulli ake sayar da shi a kasuwa kamar yadda ake kasa kayan miya, mai dafa wake ba ta ɗora tukunya sai da shi.

Ba a ce kowa ya cika gonarsa da karan dafi ba, wannan wauta ce. Kunya biyu a bakin gona dai ba ta hana cin tuwo, kuma iri ba ya ɓacewa daga gari. Darasin shi ne, abin da aka yar a wani gari yana iya zama abin da ake bin layi saboda shi a wani, kuma wanda bai tambaya ba ba zai taɓa sani ba.

Rogo Da Garinsa

Na biyu shi ne rogo. Mutanen Batsari ba sai an koya musu noman rogo ba. Amma kowa ya san ciwon da ke cikinsa: da an tone shi, kwana biyu zuwa uku sai ya fara baƙi ya lalace. Saboda haka manomi in ya kai kasuwa, dillali ne ke da wuƙa da nama, gama ya san mai kaya ba shi da ikon mayarwa gida. In mota ta ɓaci, ko hanya ta ƙi biyuwa, wahalar wata da watanni ta tafi ke nan.

Garin da dattijo ya gani bisa shinkafa shi ne garin kwakin da aka sani, wanda da yawansa daga kudu ake kawo shi kasuwannin Katsina. Rogo kansa baƙo ne, mutanen Fotugal suka kawo shi Afirka daga Amurka ta Kudu, kuma bayin da aka 'yanta suka komo daga Barazil sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa sana'ar garin a bakin teku. Watau shi ma wani ne ya gani a ƙasar mutane, ya koya, ya kawo. A lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020, Nijeriya ta noma rogo kimanin tan miliyan 60, ba ƙasar da ta kai ta.

Aikin ba asiri ba ne. A fere rogo, a wanke, a goge ko a markaɗa, a zuba a buhu a danne da dutse kwana biyu zuwa uku, ruwan ya tsiyaye ya yi ɗan tsami, a tankaɗe, sa'an nan a toya a babban kasko ana juyawa har ya bushe ƙarau. Matsewar nan da toyawar su ke fitar da dafin da ke cikin rogo, musamman mai ɗaci, don haka ba a gaggawa a cikinsu. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen rogo ke ba da kilo ɗaya na gari. Wannan na nufin kayan da za a biya wa kuɗin mota sun ragu ƙwarai, kuma abin da ke ruɓewa cikin kwana uku ya zama abin da ke yin watanni a ɗaki yana jiran farashi. Gaskiya ne aikin na cin ruwa da itace, kuma injin markaɗe ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya ba ya fin ƙarfin ƙungiyar mata ashirin masu adashi.

Wake Da Warin Magani

Na uku shi ne babba, shi ne kuma ke da ban tsoro. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, a lissafin 2020 ta haura tan miliyan 3, Nijar na bi mata. Duk da haka Nijeriya na cinye nata, har ta ƙara da na Nijar. Ashe mai sayen waken Batsari da Safana ba sai an je Kumasi neman sa ba. Yana Dawanau a Kano, yana Ibadan, yana Ikko. Kuma abin da Hajiyar Aboabo ke nema shi ne abin da mai ƙosai a Ikko ke nema, ba bambanci.

Matsalar wake ita ce ƙwaro. Tun a gona yake shiga, in an zuba a buhu ya yi ta haihuwa, kafin bazara buhu ya koma gari da huji. Don gudun wannan sai wasu manoma da 'yan kasuwa suka ɗauki mummunar al'ada, suna yayyafa wa wake fiya-fiya da irin magungunan feshin gona, su ɗinke buhu. Ƙwaro ya mutu kam, amma dafin na nan cikin abin da yara za su ci.

Wannan al'ada ta riga ta jawo hasara wadda ta wuce ta mutum ɗaya. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sha samun maganin ƙwarin da ake kira DDVP a cikinsa, wanda shi ne dafin da ke cikin fiya-fiya. Iyakar da dokarsu ta yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an kuwa sami waken da ya ninka haka sau ɗaruruwa. A 2016 aka ƙara wa hanin shekara uku, a 2019 aka sake ƙarawa. Wanda ya zuba magani da wanda bai zuba ba duk ƙofa ɗaya aka rufe musu. Hausawa sun riga sun faɗa, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Hukumar NAFDAC ma ta sha yin gargaɗi a kan wannan a cikin gida.

Abin takaici, akwai hanyar da ba ta bukatar magani ko kaɗan. Ƙwaro mai rai ne, in an hana shi iska sai ya mutu. Kakanni sun san haka, shi ya sa suke cakuɗa iri da toka ko rairayi su liƙe bakin tulu. A 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu binciken aikin gona na Afirka ta Yamma, har da na Maraɗi, suka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, watau leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa ɗaya a waje. Ana yin sa a Kano. Yadda ake aiki da shi kuwa: a shanya wake ya bushe sarai, a sheƙe, a duba ledojin kada a sami huji, a cika, a matse iska ta fita, a ɗaure kowace leda dabam, sa'an nan a ɗaure buhun. A ɗora bisa katako nesa da ɓera, kada a riƙa buɗewa ana leƙawa. In ba a huda shi ba yana yin shekara fiye da ɗaya ana amfani da shi. Wanda bai sami buhun ba, jarka ko duro mai tsabta da murfinsa ke rufuwa gam yana yin wannan aiki, muddin an cika shi taf.

Wake irin wannan in an buɗe shi da bazara, lokacin da tiya ta yi tsada, sai a tarar da shi fes kamar ran da aka zuba. Mai shinshinawa ya shinshina iyakar son ransa.

A Makka Ma Haka Ne

Kada wani ya ce ai Kumasi ba kowa ke zuwa ba. Kowace shekara alhazai na tashi daga Batsari da Safana, daga Ruma, da Runka, da Zakka. Da yawa daga cikinsu har su komo ba su san abin da mutanen Makka da Madina ke karyawa da shi ba, suna masauki suna neman mai tuwo. Alhali da asuba a kowace unguwa akwai shagon da ake layi, ana sayen ful, watau wani irin wake mai faɗi da aka dafa dare guda cikin tulun ƙarfe har ya narke, ana ci da gurasar tanderu mai suna tamis, a zuba mai da wani farin ruwa mai kauri da ake kira tahina.

Alhajin da ya zauna ya ci ya tambaya, zai ji cewa tahina riɗi ne kurum aka niƙa. Riɗin da ake nomawa a Katsina da Jigawa da Nasarawa da Binuwai shi ne ake lodawa zuwa Turkiyya da Japan da Sin, masu sayensa kuwa fari suke so, wanda aka kakkaɓe bisa tamfol, ba bisa ƙasa ba. Zai kuma ji cewa ful ɗin da Misira ke ci, da yawansa daga Ostareliya da Ingila ake kawo shi. Manomin Ostareliya ba da ful yake karyawa ba. Ya dai san akwai miliyoyin da ke karyawa da shi, ya noma musu, ya tsabtace yadda suke so, yana karɓar kuɗinsu. Wannan ita ce dabarar duka.

Masu Ja Da Wannan Magana

Akwai masu cewa abincin baƙon wuri ba a san yadda aka yi shi ba, ana tsoron haram, ana tsoron ciwon ciki. Tsoron nan yana da tushe, maganinsa kuwa tambaya. Matafiyi ya nemi rumfar Musulmi in nama zai ci, ya zaɓi wurin da 'yan gari suka yi layi, domin abinci ba ya kwana a irin wannan wuri. Ya ci mai zafi da aka sauke yanzu, ya guji ɗanyen ganye da ruwan da bai san asalinsa ba, ya fara da kaɗan. Wanda ya kiyaye waɗannan bai fi shiga haɗari ba bisa ga mai cin abinci a tashar Dutsin-ma.

Akwai masu cewa ƙaramin manomi mai buhu biyar ina shi ina kasuwar Gana ko ta Japan. Amsa ita ce, buhu biyar ɗin nan ba a Batsari ake cinye su ba. Dillali ya saya ran kasuwa, ya sayar wa mai mota, mai mota ya kai Dawanau, daga can kaya su watsu. Kowane hannu yana duba kaya, kuma abin da aka rage a can saboda tsakuwa da huji da wari, daga kuɗin manomi ake fara cire shi a nan. In garin da kaya suka fito ya yi suna da tsabta, masu saye da kansu za su biyo sawu. In ya yi suna da magani, ko mai gaskiya a garin sai ya sayar da arha.

Magana mafi nauyi ita ce ta masu cewa, mutumin da ya sha tsoron zuwa gonarsa, ina ya ga ta karin kumallon Kumasi? Ba mai musun wahalar da ƙauyukan bakin Dajin Rugu suka sha a hannun 'yan bindiga, an kashe manoma, an kore shanu, an bar gonakin nesa sun koma saura. A watan Satumba na 2021 har sai da aka yanke layin waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi. An rufe iyakar ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. A 2025 an yi zaman sulhu a Batsari da Safana, Allah ya sa a ga alherinsa. Amma a duba da kyau, wannan wahala ita ce ma ta ƙara wa maganar ƙarfi. Mai gona goma yana iya yin sakaci da buhu ɗaya. Wanda aka bar wa gona biyu a bayan gari, tilas kowane buhu ya kawo iyakar abin da zai iya kawowa. Kuma shekarar da hanya ke rufuwa ba sanarwa, mai kayan da ke jure ajiya shi ke tsira, mai ɗanyen rogo da hujajjen wake shi ke kuka.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Saboda haka duk manomi ko ɗan kasuwar da Allah ya nufa da tafiya, ko Maraɗi ce, ko Kwatano, ko Kumasi, ko Makka, ya riƙe guzurinsa don dare, amma ko sau ɗaya ya fita da sassafe ya karya inda 'yan gari ke karyawa. In ya ci, ya gode wa mai abinci, ya yi mata tambaya biyar cikin ladabi. Da me aka yi wannan? Daga wace ƙasa ake kawo shi? Wane iri aka fi so, fari ko ja, manya ko ƙanana? Wane wata yake tsada? Mene ne ke sa a ƙi saye? In da hali ya sayo ɗan mudu na irin wanda aka fi so, ya zo da shi gida a gani da ido, gama gani ya kori ji.

'Yan kasuwa kuma su ji tsoron Allah a kan fiya-fiya, su kuma bambanta farashi tsakanin kaya mai tsabta da maras tsabta. Muddin kuɗinsu ɗaya ne, ba manomin da zai wahalar da kansa da sheƙa da tsince tsakuwa. Malaman gona da akawunan ƙaramar hukuma su ma suna da nasu aikin. In alhazai da matafiya sun komo, maimakon a tsaya ga rabon dabino da zamzam kaɗai, a tara su ran kasuwa ko a ƙofar mai gari, kowa ya faɗi abin da ya ga ana ci da yadda ake son sa, a rubuta, a kuma nuna wa jama'a yadda ake ɗaure buhu mai riɓi uku. Wannan ba ya bukatar kuɗin gwamnati, sai tabarma da alli.

Dattijon Wagini dai an ce tun daga shekarar bai sake barin magani ya taɓa wakensa ba, ya kuma nemo irin karan dafi wurin wani tsoho ya mai da kunya biyu a inda mahaifinsa ke shukawa. In 'yan'uwa sun tambaye shi me ya samo a Gana, sai ya ce wata mai abinci ce ta koya masa shinshina buhu.

Allah ya kai matafiya lafiya ya komo da su lafiya, ya ba da zaman lafiya a ƙasar Ruma da ta Safana, ya sa a ga damina mai albarka, amin.